Hular bokiti mai tattara: a ina ake fara ƙarin ido?

'Yar Koyo (Kurna): Assalamu alaikum mutanen zaure. Maƙociyarmu ce ta kawo min hoton wata hula a wayarta, irin hular bokitin nan ta kwarashi mai tattara a baki, tana so in saƙa wa 'yarta mai shekara 4 kafin Sallah. Hular jarirai na iya, da safa da 'yar riga, amma bakin nan da yake hawa yana sauka ban san ta inda ake ɓullo masa ba. Daban ake saƙa tattarar a ɗinka, ko a jiki ake yinta? Wane zare kuma zan saya? Don Allah manya a taimaka.

Shugabar Zaure: Wa alaikumus salam. Gwaggo, ga taki ta zo.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Sannu 'yata. A jiki ake yinta, ba ruwanki da allura sai wajen ɓoye bakin zare. Amma ki bar maganar tattara tukuna, ki fara ɗauko tef ki auna kan yarinyar, daga goshi ki zagayo ta saman kunne. 'Yar shekara 4 za ki same ta wajen inci 20. Ki raba gida uku ki rage kaɗan, abin da ya rage shi ne faɗin saman hular, wato inci 6 da ɗan abu. Saman nan faifai ne a shimfiɗe, dole ya kwanta lumui a kan tire.

In dabul za ki yi, wato doguwar saƙar da ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka, ki fara da ido 12, wato dabul 12, a cikin zoben zaren da ake zargewa ya rufe. Zagaye na biyu kowane ido ki sa masa biyu, 24 ke nan. Na uku ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ya zama 36. Haka za ki dinga ƙara 12 a kowane zagaye, 48, 60, 72. Da zare matsakaici da kwarashi mai lamba 4, yawanci a zagaye na shida ake kai wa faɗin da na ce, amma hannu ya bambanta, tef ɗin ne alƙali. Kina kaiwa sai ki tsayar da ƙari. Zagayen da ke biye ki dinga soka kwarashin a madaukin baya kaɗai, shi zai karya miki saƙar ta gangaro ƙasa, ya bar layi mai kyau a gefen saman. Daga nan ki yi ta zagayawa ba ƙari ba ragi har bangon ya kai inci 3, ya tsaya daidai saman gira. Ki yi wannan ki dawo mu yi maganar baki.

Antin Hotoro: Gwaggo ai gara a gama mata gaba ɗaya, Sallah ba jira take ba. Ƙanwata, tattara ba wani sirri a cikinta. Kina gama bango, kowane ido ki zuba masa dabul biyu. Zagaye na gaba ma haka, na gaba ma haka. Da kanta za ta murɗe ta cika, irin ta hoton da aka nuna miki. Ni haka nake yi kuma ba a taɓa dawo min da ita ba.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Ba a dawo miki da ita ba don kunya ake ji, Hajiya. Ki je gidan ki gani ko yarinyar tana sawa.

Antin Hotoro: Haba Gwaggo, daga yin magana.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Gaskiya ɗaya ce. In kika ninka tun daga zagayen farko, tattarar tana farawa ne a kan girar yarinya. Ba abin da zai tura ta gaba, sai ta zubo kan ido. Yarinya tana tafiya tana ɗaga kai don ta ga hanya, kafin a kai gidan kakanni ta cire ta cusa a jakar uwarta. Baki yana son tushe. Ga yadda nake yi a kan ido 72: zagayen farko, ido na uku kawai nake sa wa biyu, in tashi da 96. Wannan yana fitar da bakin waje, ya ɗan baje. Zagaye na biyu, ɗaya biyu ɗaya biyu, 144. A na uku ne nake ninkawa gaba ɗaya, 288. Sai in bi gefen da singil, wato gajeriyar saƙar da ba a naɗa zare kafin a soka, in rufe. Tattarar tana can ƙarshen baki, nesa da ido, tana rawa in yarinya ta juya, kuma fuska ta samu inuwa.

Ɗalibar BUK: Gwaggo ki ba ni dama in sa baki, lissafi nake karanta, kwarashin kuma a ɗakin kwanan ɗalibai na koya. Na ɗauki biro na ƙirga hanyoyin biyu. Saman hular daga 12 zuwa 72 ido 252 ne gaba ɗaya. Bango in zagaye shida ne, 432. Jikin hula duka 684 ke nan. Hanyar Anti: 144 da 288 da 576, jimla 1,008. Kun ga bakin kaɗai ya fi jikin hular duka yawan ido, ya fi shi cin zare, ya fi shi nauyi. Hanyar Gwaggo kuwa 96 da 144 da 288, jimla 528, kusan rabin na Anti. Raba ukun da Gwaggo ta ce a yi a rage kaɗan, a aji da 3.14 muke rabawa, inci 20 ya ba da 6.4, kusan daidai da nata.

Antin Hotoro: To masu boko sun shigo. Ni dai abin da na sani, mai saye hoto take kawowa, kuma hoton cike yake da tattara. In na ba ta mai 528 za ta ce na yi mata ƙwauron zare.

Ɗalibar BUK: Anti hoton nan gyara shi ake yi da hannu kafin a ɗauka, a jera kowace lanƙwasa, mai sanye da ita kuma ba motsi take ba.

Antin Hotoro: Na ji. Amma ku ma ku yarda akwai wadda ado kawai take so. Hular ɗaukar hoton suna ko na zagayowar ranar haihuwa, awa ɗaya za a sa a cire. Wannan in ba ki cika ta ba ba ta kyau. Ni ban ce a sa wa yarinya ta je Islamiyya da ita ba.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): A nan na yarda da ke. Ta hoto daban. Wannan ta yawon Sallah aka ce, za a je kallon hawa, rana tana dukan tsakiyar kai.

'Yar Koyo (Kurna): Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Na fara tun ɗazu da ragowar zaren da nake da shi don gwaji. Ina zagaye na huɗu amma faifan yana ɗan tasowa kamar zai yi tattara tun daga sama. Lafiya kuwa?

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Ƙirga idonki. In sun wuce 48, ƙari ya yi yawa, galibi a wajen haɗa zagaye ake sa ido a inda aka riga aka sa. In kuma faifan ya dunƙule ya yi ƙoƙo, ƙarin ne bai kai ba ko hannunki ya matse. Ki saƙala ɗan zare mai wani launi a idon farko na kowane zagaye don kada ki ɓata.

'Yar Koyo (Kurna): 53 na samu.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Warware ki koma na uku. Biyar ɗin nan in kika bar su, kafin ki kai na shida sun hayayyafa.

Ɗalibar BUK: Abin da yake faruwa a faifan ƙanwarmu shi ne dai abin da muke nema da gangan a baki. Da'ira a shimfiɗe tana da iyakar tsawon da gefenta zai ɗauka. Kowane zagaye na dabul ƙarin ido 12 yake buƙata, na singil 6. Duk abin da ya haura haka ba shi da wurin kwanciya, dole ya lanƙwashe sama da ƙasa, irin yadda gefen ganyen latas yake. Masana lissafi sun daɗe suna neman yadda za su riƙe irin wannan shimfiɗa a hannu, na takarda da suke yi ba ya ƙarko. A 1997 wata malamar lissafi 'yar asalin Latvia, Daina Taimina, ta saƙa shi da kwarashi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ta hanyar ƙara ido a kan ƙa'ida ɗaya a kowane layi. Har yanzu ana koyarwa da irin saƙar tata.

Amaryar Sharaɗa: Ikon Allah. Ashe Gwaggo farfesa ce ba mu sani ba.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Ku dai ku turo min albashin.

Mai Inji (Rijiyar Lemo): Ni ina da wata shawara ta daban, kada a jefe ni. In odar ta yi yawa, me zai hana a saƙa jikin da kwarashi, tattarar kuma a fitar da dogon ƙyalle a injin saƙa, a tattare shi a ɗinka? Zagayen ƙarshen nan mai 288 shi yake cinye yini. Ni kayan sanyin jarirai nake yi a inji lokacin hunturu, na san bambancin sauri.

Antin Hotoro: Za a gane. Saƙar inji irin ta kibiya ce, idonta daban, kuma gefenta naɗewa yake. Inji ba ya yin kwarashi na gaske, shi ya sa ma muke da bakin faɗin kuɗi.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Kuma wurin ɗinkin ba ya buɗewa. Hular tana shiga kai ne saboda saƙa tana ɗan miƙewa, in kika ɗaure ta da ɗinki a daidai goshi sai ta yi wa yarinya shaida. Ki bar injinki a kan rigunan sanyi, 'yata, can ya fi mu.

Mai Inji (Rijiyar Lemo): To na janye, amma zan gwada ɗaya a gida in turo ku gani.

'Yar Koyo (Kurna): Saura maganar zare. Ulun da nake yi wa jarirai da shi zai yi?

Amaryar Sharaɗa: Kada ki soma. Ulun nan na kasuwa yawancinsa akirilik ne, roba ce. Watan Afrilu a Kano zafi yana haura digiri 40, ki ɗora wa yarinya roba a ka? Gumi zai jiƙe kitson, ƙuraje su feso mata a goshi. Auduga za ki nema. Tana shan gumi, iska tana ratsa ta, kuma tana tsayuwa, ba ta da laushin nan da yake sa baki ya faɗi. Na hunturu ne ake yi da ulu, Disamba da Janairu.

Antin Hotoro: Auduga tana da nauyi fa, kuma launukanta ba su kai na ulu haske ba. Ni zaren nan da ake kira milk kotin nake amfani da shi, yana da taushi, ga launi.

Amaryar Sharaɗa: Anti ki karanta takardar jikinsa, galibi haɗi ne da akirilik. Ba laifi, ya fi ulu zalla sauƙin zafi, amma taushin nasa shi yake sa baki ya kwanta. In da shi za a yi, sai a rage kwarashi zuwa 3.5 ko 3 don saƙar ta matse. Nauyin da kika ce kuma shi ya sa hanyar Gwaggo ta fi dacewa da auduga, ido 1,008 na auduga ai sai ya ja hular ƙasa.

'Yar Koyo (Kurna): To yaya zan gane audugar gaske? Wani zaren ba takarda a jikinsa.

Amaryar Sharaɗa: Ki yanki ɗan guntu ki sa masa ashana a tsakar gida, nesa da yara. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri, ga warin roba. Ulun tumaki na ainihi warin ƙonannen gashi yake yi. In za ki shiga Sabon Gari ko Kwari, ki roƙi mai shago ya yankar miki ɗan tsinke, ko ki sayi dunƙule ɗaya ki gwada kafin ki kwashi da yawa.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Amma ranar da za ki saya ki sayi wanda zai ishe ki gaba ɗaya. Dunƙulen giram 50 ki ɗauki uku, in ya yi saura ya yi. Launi ɗaya yakan bambanta daga kwali zuwa kwali, a shago ba za ki gani ba, sai an fita rana bakin ya fito daban da jiki.

Jikar Marina (Ƙofar Mata): Tunda an zo kan auduga bari in yi tallan unguwarmu. Farar auduga tana karɓar shuni sosai. In kika saƙa hula da farin zare za a iya tsoma ta a karofi ta fito shuɗiya, ko a rina zaren tun yana lanƙaye kafin a saƙa. Na ga wadda aka tsoma bakin tattarar kaɗai, jikin fari, gefen shuɗi mai duhu yana hawa yana dishewa, wallahi ta yi kyau. Akirilik kam shuni ba ya kama shi, kada a wahalar da masu rini.

Amaryar Sharaɗa: Ba ya zuba a goshi?

Jikar Marina (Ƙofar Mata): Sabon rini yana zuba, ba zan ɓoye ba. Sai an ɗauraye shi sau da yawa har ruwa ya fita fari. Shi ya sa na fi son a rina bakin kawai, inda ba ya taɓa fata. Ga mai farar rigar Sallah kuma a yi hattara da kafaɗa.

'Yar Koyo (Kurna): Wannan sai na ƙware. Ruwan hoda uwar ta ce, da fari a gefe.

Uwar Biyu (Gwammaja): Ina ta karantawa ban ga an taɓo kitso ba, kuma shi ne yake ɓata awo. Yau ki auna kai da tsohon kitso a kwance, ranar jajibere a yarfa mata sabo da duwatsu, hula ta ƙi shiga. In shuku za a yi mata ma babu hular bokitin da za ta zauna. Ki tambayi uwar wane kitso za a yi. In na baya ne, ki ƙara rabin inci a awon. Auduga ba ta miƙewa kamar ulu, gara ta ɗan yi sako-sako.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Allah ya yi miki albarka, wannan na manta. In ta yi sako-sako, ki saƙa doguwar sarƙa ki zura ta tsakanin idanun zagayen ƙarshe na bango, a ɗaure a baya. Ado ne, kuma shekara mai zuwa a sassauta ta ci gaba da sawa.

Uwar Biyu (Gwammaja): Amma ban da igiyar haɓa ga ƙananan yara, ban da duwatsu ko maɓalli a ta jarirai. Komai baki suke kaiwa.

Antin Hotoro: Ni don bakin ya tsaya sitaci nake sa masa. In jiƙa, in kifa hular a kan roba mai girman kai, in jera tattarar da yatsa, ta bushe a inuwa. Wasu kuma igiyar fatsa suke bi da ita a zagayen ƙarshe, su saƙa singil a kanta.

Amaryar Sharaɗa: Sitaci wanki ɗaya ne ya tafi, uwar kuma ba za ta zauna jera tattara ba. Igiyar fatsa tana yi a ta manya, a ta yara ina tsoron bakin igiyar ya zaro ya soki ido.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): In saƙar ta matse ba ki buƙatar ko ɗaya. Wadda take son ƙarin ƙarfi ta fara bakin da zagaye biyu na singil, tana ƙara 6 a kowanne, kafin ta shiga dabul. Abin da zan ja kunne a kai shi ne dutsen guga. Kada a ɗora shi a kan mai akirilik, zaren yana saki ya mutu, tattarar ta zama lagwani, kuma ba ta dawowa. Auduga tana jurewa, amma ita ma tururi ya ishe ta. Wanki da hannu, a matse a cikin tawul, a shanya a kwance. In aka rataye ta da jiƙa nauyin bakin zai ja bangon ya yi tsawo.

'Yar Koyo (Kurna): Na duba wani bidiyo don in ga hannu, matar tana cewa dabul amma abin da take yi gajere ne, irin singil ɗinmu.

Ɗalibar BUK: 'Yar Ingila ce. Dabul ɗinsu shi ne singil na Amurka, mu kuma na Amurka muka fi bi a zauren nan. Ki kalli hannunta: in ta naɗa zare a kwarashi kafin ta soka, shi ne wanda Gwaggo take nufi.

Amaryar Sharaɗa: Ni tambayata, manya suna sa wa? Ƙanwar mijina ta ce in yi mata, a kan hijabi za ta ɗora in za ta makaranta. Na ce kada a yi ta kallonta a Adaidaita.

Ɗalibar BUK: Suna sawa sosai, musamman masu tafiya a ƙafa tsakanin azuzuwa da tsakar rana. Sai dai ta manya an fi son tattara kaɗan. Kan babba wajen inci 22 ne, da hijabi da ɗankwali a ƙasa sai ki auna a kansu, yakan kai 23 ko fiye. Saman ya zama inci 7 zuwa 7 da rabi, bango 3 da rabi, a bakin kuma ki tsaya a matakin ɗaya biyu ɗaya biyu, kada ki ninka.

Gwaggo Mai Kwarashi (Yakasai): Mu a zamaninmu malafar kaba ce ta rana, kuma ta maza ce. Amma tunda a kan hijabi ne ban ga aibu ba. Ki yi mata da launi mai duhu, ƙurar Kano ba ta barin fari.

'Yar Koyo (Kurna): Na warware na sake, yanzu 48 cif, ya kwanta. Abu na ƙarshe, nawa zan ce mata? Maƙociya ce, ina jin nauyi.

Antin Hotoro: Nan ne ake cutar 'yan koyo. Ki lissafa kuɗin zare, da kuɗin motar zuwa kasuwa da dawowa, sannan ki sa wa aikinki kuɗi daban. Kuma ki karɓi na zare tun kafin ki fara. Ki faɗa mata da bakinki cewa mai tattara ta fi marar tattara tsada, ga lissafin ɗalibarmu nan ki nuna mata.

Uwar Biyu (Gwammaja): Anti maƙwabtaka fa. Ta farko ce, ta karɓi kuɗin zare da ɗan abin sabulu, in yarinyar ta fita da ita ranar Sallah ai talla ce.

Antin Hotoro: Duk wadda tallar ta kawo, farashin maƙociya za ta tambaya ta zo da shi. Daga nan ba ki isa ki ɗaga ba.

Uwar Biyu (Gwammaja): To ta faɗa mata kuɗin gaskiya, sannan ta ce na rage miki kaza don zumunci, kada ki faɗa wa kowa.

Antin Hotoro: A Kurna? Kafin la'asar layin duka ya ji.

Shugabar Zaure: Maganar farashi a kai ta ranar Asabar, akwai masu jaka da masu shimfiɗar tire da suke da irin wannan kuka. 'Yar Koyo, in kin gama bango ki turo hoto a kan yarinyar kafin ki fara baki, Gwaggo ta duba tsayin. Mai Inji, muna jiran taki.